NGC 6888: ja ya fito, shuɗin ɓawon ya ƙi fitowa

Gamzaki:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu nisa a ɗaukar hoton sararin samaniya. Abin da nake fama da shi NGC 6888 ce, nebular nan, wato gajimaren gas na sararin samaniya, mai siffar jinjirin wata da ke cikin rukunin taurarin Cygnus, kusa da tauraron Sadr.

Ga kayan aikin: madubin hangen nesa mai gilashi biyu, bakinsa milimita 80, tsawon fokas milimita 480, wato f/6, da gilashin miƙe gefen hoto a bayansa. Kyamara ZWO ASI533MC Pro mai kala, filta Optolong L-eXtreme mai ƙofar haske nanomita 7, mazauni Sky-Watcher HEQ5 mai juya madubin yana bin taurari. Manhajar PHD2 ke riƙe tauraro ta wani ƙaramin madubi mai milimita 30. Daga kan rufin bene nake ɗauka, a gefen birnin Kano. Abin da ke hannu firam 40 ne, wato hotuna ɗaiɗai da ake tarawa, masu daƙiƙa 180 kowanne, awa biyu ke nan.

Jan zaren nebular ya fito sarai. Amma shuɗin ɓawon nan da ake gani ya lulluɓe ta a hotunan mutane babu shi ko alama, in na matsa wa hoton don ya fito sai ko'ina ya cika da yashi. Na biyu, manyan taurari duk da zobe kewaye da su. Na uku, taurarin ba su zagaye ba, sun ɗan ja wutsiya. Tauraron arewa kuma ba ya ganuwa daga inda nake, katangar maƙwabta ta tare shi. Filta mai ƙunci, mai nanomita 3, zan saya, ko ba a nan gizo ke saƙa ba?

Mai Madubi:

Wa alaikumus salam, Malam Gamzaki. Riƙe kuɗinka tukuna. Kayan da ka lissafa sun isa su fito da ɓawon. Lokaci ne ya yi kaɗan, sai kuma a duba irin daren da aka yi ɗaukar.

Sanin abin da kake nema shi zai nuna maka yadda za ka neme shi. A tsakiyar nebular akwai tauraro mai suna WR 136, daga jinsin da ake kira Wolf-Rayet, sunan masana biyu da suka fara gano irinsu a Faris a 1867, kuma a cikin Cygnus ɗin nan suka gano su. Shekaru dubu ɗaruruwa da suka wuce tauraron ya kumbura ya zama jan ƙato, yana fesar da iskar gas ɗinsa sannu a hankali, 'yan gomomin kilomita a daƙiƙa. Yanzu ya zubar da fatarsa ta waje, zafinsa ya kai wajen digiri 70,000, iskar da ke fita daga jikinsa kuma tana gudun fiye da kilomita 1,500 a daƙiƙa. Sabuwar iskar ta cim ma tsohuwar, tana tura ta gaba kamar yadda tsintsiya ke tara shara. Wannan tarin shi ne kumfar da muke gani daga nisan tafiyar haske ta kusan shekara 5,000.

To, haske iri biyu ne ke fitowa daga wurin, kuma ba daga wuri ɗaya ba. Jan da ka samu na haidurojin ne, Ha, a nanomita 656.3, daga dunƙulen gas masu kauri da suka cure wuri guda. Shi ya sa awa biyu ta ishe shi. Shuɗin kuwa na oksijin ne da ya rasa lantarki biyu, OIII, a nanomita 500.7, kuma daga gaban kumfar yake fitowa, inda gas ɗin ya yi sirara ƙwarai ya bazu. Haskensa a kan kowane fiksel ɗan mitsitsi ne. Yana cikin hotonka, yashi ne ya binne shi.

Ƙa'idar yashi ba ta da sassauci: sai ka ninka lokaci sau huɗu kafin yashin ya ragu da rabi. Daga awa 2 zuwa 8 tsaftar hoton ta ninka sau biyu kacal. A sama irin ta gefen birni, ka sa ranka a awa 10 zuwa 15 kafin ɓawon ya fito da gefensa a fili. Ba dare ɗaya ake yi ba, tarawa ake yi.

Sannan wata. Ha yana jure farin wata, OIII ba ya jurewa, domin hasken wata da ya bazu a sama ya fi ƙarfi a ɓangaren shuɗi da kore, daidai inda filtarka ta bar ƙofa a buɗe. Firam ɗin da aka ɗauka daren goma sha ga wata, jansa kawai za ka mora. Ka bi kwanan wata: daga wajen 21 ga wata zuwa 4 ga na gaba, farkon dare duhu ne. Fitilun titi farare masu aiki da hasken rana ma haka suke. Tsofaffin fitilu masu ruwan ɗorawa haskensu a nanomita 589 yake, filta na tare shi cak, amma fararen nan sun bazu ko'ina, dole wani abu ya kutso.

Game da filta mai nanomita 3, ga abin da ba a cika faɗa ba. Gas ɗin da WR 136 ya zubar cike yake da naitirojin, kuma layin haskensa, NII, yana nanomita 658.4, tazarar nanomita 2 kawai daga Ha. Filtarka mai nanomita 7 tana shigar da duka biyun. Mai nanomita 3 za ta yanke mafi yawan NII, ka yi asarar wani kaso na jan nebular. A wannan abin ɗauka, faɗin filtarka riba ce ta wannan gefen.

Ka ƙara tsawon firam zuwa daƙiƙa 300, a Gain 100, inda kyamarar nan ke shiga yanayin da yashin karatu ke faɗuwa. WR 136 zai ƙone fari ko ya ka yi, kada ya dame ka. Kuma ka sa manhajar ɗauka ta riƙa gusar da madubin 'yan fiksel bayan kowane firam ɗaya ko biyu. In ba haka ba, lalatattun fiksel za su ja layi-layi a hoton da aka tara, kuma a OIII abin ya fi muni.

Zara:

Na yarda da Malam Mai Madubi a kan lokaci, amma ina zargin ko a awa biyun nan akwai ɓawon da za a iya gani, hanyar sarrafawar ce ta danne shi. Malam Gamzaki, in hoton kala ɗaya ka tara ka shiga jan haskensa don ya fito, launin ja ne zai cinye komai. Kafin ɓawon ya ɗago, zaren Ha ya ƙone.

Sensar kyamararka a kowane fiksel huɗu ɗaya ja ne, biyu kore, ɗaya shuɗi. Ha a ja yake sauka. OIII yana faɗawa tsakanin kore da shuɗi, duka ukun suna kama shi. Don haka raba su za ka yi tun daga tushe. A manhajar Siril akwai umarnin da aka riga aka shirya mai suna OSC_Extract_HaOIII. Ka zuba hotunanka a manyan jakunkunan da yake nema, zai ba ka hotuna biyu marasa kala, ɗaya na Ha, ɗaya na OIII. Ka tabbata girmansu ɗaya ne kuma taurarinsu sun hau kan juna kafin ka ci gaba.

Daga nan kowanne aikinsa daban. Ka yanke gefunan da tarawa ta ɓata. Ka cire hasken gari da ya kwanta a gefe ɗaya da GraXpert, amma a yi hattara: yankin Sadr gaba ɗaya cike yake da jan gas na gaske, kuma in ka bar manhajar ta zaɓi wuraren awo da kanta za ta ɗauke shi a matsayin datti ta share. Da hannu za ka sa wuraren awon, kaɗan, a inda ya fi duhu. A hoton OIII kada ka sa ko ɗaya kusa da nebular, ka bar tazara mai faɗi kewaye da ita, domin ɓawon ya zarce jan zaren, kuma wurin awo ɗaya da ya faɗa kansa ya isa ya goge shi. Wannan shi ne ya fi kashe ɓawon a hannun mutane.

Akwai kuma yoyo. Koren fiksel ba ya toshe ja gaba ɗaya, saboda haka inuwar zaren Ha tana bayyana a hoton OIII. Tun hotunan ba a ja su ba, ka shiga PixelMath ka debe ɗan kason Ha daga OIII. Fara da 0.05, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Da ka ga baƙaƙen ramuka sun fara fitowa inda zaren yake, ka wuce gona da iri, ka koma baya.

Sai ka cire taurari daga duka biyun da StarNet. Yanzu kana da damar jan OIII da ƙarfi ba tare da taurari sun kumbura ba. Ka ja shi fiye da Ha nesa ba kusa ba, ka rage masa yashi da hannu mai nauyi, tunda ɓawon sumul yake, ba shi da ƙananan zane da yawa da za ka yi asara. Ha kuwa a taɓa shi da sauƙi. Kafin haɗawa ka daidaita duhun bayan hotunan biyu ya zo ɗaya, in ba haka ba sararin zai rine ja ko shuɗi. Wajen haɗawa, ja ya ɗauki Ha, kore da shuɗi su ɗauki OIII. In shuɗin ya yi maka kaifi, zuba kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na Ha a cikin kore.

Zoben taurari abu biyu ne ke kawo shi. Haske yana dawowa tsakanin filta da gilashin da ke gaban sensa, kuma a OIII ya fi fitowa. Sannan madubi mai gilashi biyu ba ya tara ja da shuɗi-kore a wuri ɗaya daidai, in ka saita fokas a kan ja, taurarin OIII za su ɗan kumbura. Mafita mai sauƙi ita ce kada ka yi amfani da taurarin filtar kwata-kwata. Cire L-eXtreme, sa filtar UV/IR, sake fokas, ɗauki firam 40 zuwa 60 masu daƙiƙa 30. Taurarin wannan za ka ɗora a kan hoton da ka gama, da launinsu na asali. Sauran tabon zobe da StarNet ya bari sai ka goge da hannu.

A kan nanomita 3 ina da ɗan bambancin ra'ayi. Hasken sama da ke shigowa yana raguwa daidai da ƙuncin filta, daga 7 zuwa 3 ya ragu fiye da rabi, wato awa ɗaya ta yi aikin fiye da awa biyu a OIII. Ga mai ɗauka a gefen birni wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba yanzu ba. Sai ka ga iyakar wadda ke hannunka.

Hotunan fulat fa, waɗanda ake ɗaukar farin allo don cire tabon ƙura da duhun gefe? Ba ka ambace su ba. Da filtar a ciki ake ɗaukarsu, fokas da juyin kyamara ba a taɓa ba, haske ya tsaya tsakanin sulusi da rabin ma'auni, firam 30 sun isa. Ka rage hasken allon har kowane firam ya kai daƙiƙa 2, don gajeren firam yana kama ƙiftawar fitila. In babu fulat, jan da OIII ke bukata zai tono kowace ƙwayar ƙura da ke kan gilashi.

Ɗan Damagaram:

Ni wutsiyar taurari zan taɓa, don in aka koma daƙiƙa 300 ba a gyara ta ba, ƙaruwa za ta yi.

Buɗe firam ɗaya, ba hoton da aka tara ba, ka duba tsakiya da kusurwoyi huɗu. In tsakiya lafiya, a kusurwoyi ne taurari suka miƙe suna nuna waje, sensa ta yi kusa da gilashin miƙe gefe, ƙara tazara. In sun lanƙwasa kamar suna kewaya tsakiyar, ta yi nisa. Yawancin gilasan nan milimita 55 suke so, kuma filtar da ke tsakani tana ƙara kusan sulusin kaurinta, wajen rabin milimita da ɗoriya. In kuwa duk taurarin hoton, har na tsakiya, gefe ɗaya suka ja, laifin mazauni ne ko ƙaramin madubin yana motsi a zobensa. Ɗaure shi tam, ka kuma ɗaure wayoyi a jikin mazaunin don kada su riƙa ja.

Rashin ganin tauraron arewa ba matsala ba ce. A Kano digiri 12 kawai yake sama da ƙasa, ko ba katanga hazo na cinye shi. PHD2 yana da Drift Align. Nemo tauraro kusa da tsakiyar sama ta kudu, a kan layin da ya raba saman arewa da ta kudu, ka gyara kusoshin hagu da dama har layin zamewa ya kwanta. Sai ka koma tauraro a gabas ko yamma, digiri 25 zuwa 30 daga ƙasa, ka gyara na sama da ƙasa. Kowane awo ka ba shi minti biyu zuwa uku kafin ka yarda da shi. In da manhajar NINA kake ɗauka, akwai ƙarin manhajarsa mai auna wuri uku a sama, ta fi sauri. Kuskuren da bai kai mintin kusurwa 3 ba ya wadatar. Ka yi wa ƙafafun alama da fenti a ƙasa don gobe.

A digiri 12 sandar nauyi tana sauka kusa da ƙafar arewa, wani lokaci dutsen da ke kan sandar ya doke ta. Ka juya mazaunin da hannu ka gani kafin dare. In yana taɓawa, ƙarin wuya ake sa wa tsakanin ƙafafu da kan mazaunin.

Da kayanka kowane fiksel yana ɗaukar daƙiƙar kusurwa 1.6, nebular kuma mintin kusurwa 18 ne a tsawo, wato fiksel kusan 670 cikin 3008. In PHD2 yana nuna kuskure ƙasa da daƙiƙa 1, kana lafiya. Amma duba ko tsawon fokas na ƙaramin madubin da ka shigar daidai ne, in ba daidai ba lambobin ƙarya suke yi maka. Ba shi firam na daƙiƙa 2 zuwa 3, ƙasa da haka rawar iska zai riƙa bi. Ka sa gefen gabas ya ɗan fi nauyi don haƙoran giya su zauna a manne. Giyar HEQ5 tana zagayowa duk daƙiƙa 638, in ka ga tudu yana maimaituwa a wannan tazara a jadawalin, daga nan ne.

Rufin siminti yana fitar da zafin rana har tsakar dare, iskar da ke tashi daga kansa tana kumbura taurari. Kafa kayan a gefen arewa na rufin yadda madubin ba zai leƙa ta saman simintin ba, kuma kada a riƙa takawa kusa ana ɗauka.

Sanyin kyamara: iyakarta wajen digiri 35 ƙasa da zafin waje. Daren da ake da 27, neman −10 wahalar banza ce, ba za ta riƙe ba, hotunan dak ɗinka, waɗanda ake ɗauka baki a rufe, kuma ba za su dace ba. Tsaya a 0, sensar nan ba ta tara yashin zafi da yawa. Ka saukar da sanyin cikin minti goma don kada raɓa ta kwanta a gilashin ciki. Gaban madubin ma a ɗaura masa zaren ɗumama tun magariba. Duka kayan za su ja amfiya 4 ko kusa, awa shida amfiya-awa 24 ke nan, batirin gubar kuma rabinsa kawai ake ci, don haka nemi mai 50 zuwa sama. Wutar da ta faɗi ƙasa da bolt 12 tana sa mazauni tuntuɓe, a yi ta zargin PHD2.

Gamzaki:

Allah ya saka muku da alheri, Malam Mai Madubi, Malama Zara, da Malam na Damagaram. Na duba firam ɗaya, a kusurwoyi ne wutsiyar take, tana nuna waje, zan ƙara tazara. Saura tambaya ɗaya. Awa 15 a ina za a same ta, alhali lokacin da Cygnus ke sama shi ne tsakiyar damina?

Mai Madubi:

Amin. Gaskiya ne, a ƙarshen Yuli take kaiwa tsakiyar sama da tsakar dare, daidai lokacin hadari. Amma akwai ƙofa biyu.

Daga Kano tana hawa har digiri 64 ta arewa, kuma tana sama da digiri 30 na tsawon awa huɗu kafin ta kai ƙololuwa da awa huɗu bayan nan. Ƙasa da 30 kada ka ɓata batir, OIII ne ke fara mutuwa a kaurin iska. A ƙarshen Mayu tana wuce digiri 30 jim kaɗan bayan sha biyun dare, ka yi ta ɗauka har assalatu. A tsakiyar Oktoba kuwa tana ƙololuwa wajen bakwai na yamma, daidai shigar duhu, ka samu awa uku da rabi zuwa huɗu kafin ta sauka. Oktoba ta fi, ruwa ya wanke sama, ƙura ba ta iso ba. Dare huɗu ko biyar masu kyau a duhun wata sun kawo ka. Ko a cikin damina, daren da aka sha ruwa da yamma gari ya washe yakan fi kowane dare tsabta, sai dai raɓa. In ba ta cika bana ba, firam ba ya ruɓewa, ka ɗora na baɗi a kai, muddin ka ajiye fulat na kowane zama tare da nasa. Fokas kuma ka sake duba shi da abin rufe baki na Bahtinov duk awa ɗaya ko in zafi ya sauka da digiri biyu, don a f/6 sararin da fokas ke daidai bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba.

Wajen tsara hoton kada ka sa nebular a tsakiya cif. Gusa kaɗan ta kudu maso gabas. A can, cikin faɗin da kyamararka ke ɗauka, akwai wata siririyar kumfa zagayayya, PN G75.5+1.7, wadda wani mai ɗaukar hoto na sha'awa, Dave Jurasevich, ya gano ya kai rahotonta a 2008, fiye da shekara 200 bayan William Herschel ya ga ita NGC 6888 a 1792. Ba iskar Wolf-Rayet ce ta yi ta ba, ƙaramin tauraro ne mai mutuwa. In ta fara bayyana a hotonka, alama ce ta cewa lokacin da ka tara ya fara isa.

Zara:

In Cygnus ta faɗi a Nuwamba, irin wannan aikin yana jiranka a kudu. NGC 2359 a rukunin Canis Major, tauraronta WR 7, ita ma kumfar iska ce, kuma OIII ɗinta ya fi na wannan ƙarfi sosai, awa huɗu zuwa shida ma za ka ga shuɗi. Tana ƙololuwa da tsakar dare a farkon Janairu, digiri 65 daga Kano. A madubinka ƙarama za ta fito, sai ka yanke hoton. Wadda ta fi dacewa da milimita 480 ita ce Sh2-308, kewaye da tauraron WR 6, faɗinta ya fi na wata, kusan duk OIII ce, amma ta fi su duka dushewa. Matsalar lokacin ita ce hunturu. Ka duba da rana: in sama ta yi fari-fari kewaye da rana har nesa, ƙura na sama, ka bar kayan a jaka. Daren da ka fita kuma, ka ɗauki sabon fulat kafin ka kwance komai, gilashin gaba kuwa a hura masa iska da roba tukuna, kada a fara da goga kyalle a kan ƙurar.